Scratch, MakeCode Arcade ko Pocket Code: da wanne yaro zai gina wasansa na farko a Tawa?

Mai son ɗansa, ko ƙanensa, ko ɗalibansa su fara gina wasan kwamfuta ba tare da rubuta dogayen umarni ba, sunaye uku zai fi cin karo da su: Scratch, MakeCode Arcade da Pocket Code. Dukansu kyauta ne, kuma dukansu da tubala ake aiki. Wato kowane umarni an zuba shi cikin tubali mai launi, "matsa dama", "jira daƙiƙa ɗaya", "in ka taɓa kaza, yi kaza", sai ka jawo shi ka liƙa a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Tubalin da bai dace da wuri ba ba ya ma shiga, don haka babu zancen an manta waƙafi ko an ɓata harafi. Ganin haka sai mutane su ɗauka duk ɗaya ne, a ɗauki ko wanne. Ba ɗaya ba ne, balle a gari irin Tawa, inda abin da ke hannun yaro, wayar yayarsa ce ko tsohuwar kwamfutar lakwal, shi ke yanke rabin hukuncin tun kafin a zauna.

Wasan da za mu auna su da shi

Irin wasan da muke nufi shi ne gajere, mai fage ɗaya, wanda ake tara maki har a faɗi a sake. Kakanninsa su ne Pong na 1972, Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980. Wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Nokia ya buga macijin nan mai cin ɗigo yana ƙara tsawo, to ya san irinsu.

Don kada mu yi ta magana a iska, ga wasa ɗaya da za mu gina a kowannensu. Mangwaro yana faɗowa daga sama, kwando yana ƙasa yana zuwa hagu da dama. Ka tari mangwaro, maki ɗaya. Ka tari dutse, rai ɗaya ya tafi cikin uku. Rai ya ƙare, wasa ya ƙare. Ƙanƙanta gare shi, amma duk abin da mai koyo ke buƙata yana ciki: motsi, maimaici, sharaɗi, karo tsakanin abu biyu, da ma'ajiyar lamba mai riƙe maki.

Abubuwan dubawa

Na farko na'ura, don shi ne wanda ba a iya kauce masa. Na biyu kuran da rezo: in wuta ta ɗauke ko forfe ya ƙare, aikin ya tsaya ko ya ci gaba? Na uku kuɗi, kuma tunda manhajojin kyauta ne, kuɗin da ake nufi na intanet ne da na kayan aiki. Sai harshe. Sai saurin ganin sakamako, domin yaro ɗan shekara goma in ya yi awa guda bai ga komai ya motsa ba, ƙwallon unguwa za ta janye shi. Sai ɗorewa, ita kuma iri biyu ce: ko aikin zai tsira daga ɓacewa, da ko ilimin zai kai shi wani mataki gaba. Na ƙarshe haɗari.

Scratch

Shi ne babban wa a cikinsu. Wani rukunin masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Mitchel Resnick, suka fitar da shi a 2007, kuma samfurin da ake aiki da shi yanzu, na 3, ya fito a Janairun 2019. Ƴan shekara 8 zuwa 16 aka nufa da shi, amma babba ma ba ya jin an raina shi.

Babban abin da ya sa na fi kawo shi gaba a nan shi ne ba ya buƙatar intanet. A sauke manhajar sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, a zuba ta a kile, a bi kwamfutoci ana sakawa. Daga nan forfe bai ƙara shiga lissafi ba. Sai dai samfurin na 3 Windows 10 zuwa sama yake so. In kwamfutar ta tsufa ainun, shafinsu ya bar tsofaffin samfura, na 2 da na 1.4, ana iya saukewa. A lura, 1.4 ba shi da tubalin yin kwafi, wanda muke buƙata don mangwaro ya yi ta zubowa. A kan tablet mai Android ma yana aiki, amma ba a yi shi don ƙaramar fuskar waya ba, kada a wahalar da yaro.

Wajen harshe ya yi wa sauran nisa. Yana cikin harsuna sama da 70, da Faransanci cikakke, kuma a jerin harsunan da ke shafinsa na intanet akwai Hausa. Bayan haka, tun 2016 Faransa ta shigar da koyon tsara umarni cikin darussan lissafi na kolej, har tambayoyin Scratch suna fitowa a jarrabawarsu ta brevet. Amfanin wannan gare mu shi ne takardun darasi da bidiyo da Faransanci sun yi yawa, malamin lissafi na CEG ba zai rasa abin kamawa ba. Shirin nan na koya wa yaran Afirka tsara umarni, Africa Code Week, da aka fara a 2015, shi ma da Scratch ya fi koyarwa.

Yanzu wasan. Fagen Scratch faɗinsa 480 ne, tsawonsa 360, sifiri yana tsakiya. Don haka hagu da dama daga -240 zuwa 240 ne, sama da ƙasa daga 180 zuwa -180. Kwando yana buƙatar tubalin maimaici marar ƙarewa, a cikinsa a ce in an danna kibiyar dama a ƙara 10, in ta hagu a rage 10. Mangwaro guda ake zanawa, a ɓoye shi, a ce ya riƙa yin kwafin kansa duk daƙiƙa. Kowane kwafi ya je sama a wurin da aka zaɓa da ka, ya bayyana, ya yi ta rage 5 yana saukowa. Maki da rai kuwa kai za ka ƙirƙiri ma'ajiyarsu, kai za ka mayar da su farko duk lokacin da aka danna koriyar tutar da ke fara wasa, kai za ka ce in rai ya kai sifiri a tsayar da komai. Ba abin da Scratch zai yi maka a ɓoye.

Nan ne wahalarsa take, nan ne kuma albarkarsa. Ga wani tarko da kusan kowane mai koyo ke faɗawa. Ya ce mangwaro ya ɓace in ya wuce -180, alhali Scratch ba ya barin hoto ya fice daga fage gaba ɗaya, yakan riƙe gefensa. Sai mangwaron da aka kuskure ya maƙale a ƙasa, wani ya zo ya hau kansa. Scratch kuma kwafi 300 kawai yake yarda da su a lokaci guda. Da sun cika, sama ta daina zubo da komai, yaro ya saki baki yana danna tuta yana cewa kwamfuta ta lalace. Gyaran ɗan kaɗan ne, a mayar da iyakar -170 a sa tubalin share kwafi. Amma yaron da ya gano wannan da kansa ya koyi abin da ba a mantawa. Wani tarkon shi ne ɗauko tubalin nan na "lokacin da aka danna maɓalli" don motsa kwando: zai matsa sau ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba yana ɗingishi. Duba maɓallin a cikin maimaici shi ke sa tafiyar ta yi sumul.

Rauninsa na gaske wajen adanawa ne. Manhajar da aka sauke ba ta adana aiki da kanta. A kwamfutar tebur marar batir, kuran na ɗaukewa aikin awa biyu ya bi iska. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan wasan ɓuya, wajibi ne a koya wa yaro adanawa tun ranar farko, kafin ma ya iya motsa kwando. Fayil ɗin da ke fita ƙarami ne, yana shiga kile yana fita lafiya.

Haɗarin intanet sai in an buɗe asusu a shafin. A can yara na duniya suna ɗora wasanninsu, kowa na iya buɗe na wani ya ga tubalansa ya yi nasa a kai, ana kuma rubuta sharhi. Akwai masu sa ido, amma duk da haka kada yaro ya sa sunansa na gaskiya, ko sunan lakwal ɗinsu, ko hotonsa.

MakeCode Arcade

Na kamfanin Microsoft ne, kuma shi kaɗai cikin ukun aka ƙera musamman don irin wannan wasa. A burauza ake buɗe shi, ba sai da asusu ba. Fagensa ɗigo 160 ne a faɗi, 120 a tsawo, launi 16 kawai, ɗaya daga ciki ma na "babu launi" ne. A gefe akwai hoton ƙaramar na'urar wasa mai kibiyoyi huɗu da maɓallan A da B, kana liƙa tubali tana sake gwada wasan nan take.

Bambancinsu da Scratch kamar na yadi ne da riga ɗinkakkiya. Motsa kwando da kibiyoyi tubali ɗaya ne. Hana shi fita fage, tubali ɗaya. Akwai tubalin "duk bayan kaza", akwai na harbo abu daga gefen fage da saurin da ka zaɓa, kuma abin da aka harbo in ya fice shi ke share kansa. Maki da rai a shirye suke: ka ce rai 3, zukata uku su fito a kusurwa, suna ƙarewa wasan ya rufe da kansa ya nuna maki. Wasan mangwaron da ke cin zama biyu ko uku a Scratch, nan a zama ɗaya an gama, kuma kamanninsa na wasan gaske ne, wanda yaro zai nuna wa abokai ba kunya.

Yana da nasa tarkon. Kowane hoto yana da jinsi, ɗan wasa, abinci, maƙiyi ko harsashi, kuma tubalin karo da jinsi yake aiki. In mangwaro da dutse suka zama jinsi ɗaya, tarar kowanne zai ba da maki ya kuma cire rai. Sannan in ba a share mangwaron da ya taɓa kwando ba, maki zai yi ta gudu muddin suna manne, tarewa guda ta ba da hamsin.

Akwai wani abu da nake so game da ƙanƙantar hotunansa. Ɗan wasa yawanci ɗigo 16 ne sau 16. Wato a ajin da yara ashirin ke jiran kwamfuta biyu, ko ranar da babu wuta, kowa ya buɗe kaye mai ƴan gidaje, ya ƙirga goma sha shida ta kowane gefe, ya zana kwandonsa ko raƙuminsa gida-gida da biro. In layinsa ya zo, kwafewa kawai zai yi. Zaman jira ya zama aiki.

Wajen ɗorewar ilimi shi ne gaba. Da danna wuri ɗaya tubalan suna juyewa su koma rubutun JavaScript ko Python, wato harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, a ga abin da kowane tubali ke nufi, a sake komawa. Ga ɗan lise, ko ɗalibin shekarar farko a jami'ar Djibo Hamani da ke son shiga rubuta umarni sosai, wannan gada ce wadda Scratch ba shi da ita.

Matsalarsa rezo. Buɗewar farko sai da intanet. Bayan nan burauza takan riƙe shi ya buɗe ko babu, akwai kuma manhajar saukewa ta Windows da Mac, amma darussan da ke jagorantar mai koyo mataki-mataki, da ƙarin tubala, da aika wa aboki wasa ta mahaɗa, duk suna cin forfe. Faransanci akwai, sai dai yawancin darussa da bidiyo da Ingilishi suke.

Adanawa kuma fuska biyu gare ta. Yana adana aiki da kansa, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika yin ɓarna ba. Amma a cikin burauza yake adanawa. A sibar, ko a kwamfutar da mutum goma ke taɓawa, wani ya share tarihin burauza, wasannin duka sun tafi. Mafita ita ce a sauke aikin, zai fito a matsayin hoto iri PNG wanda tubalan ke ɓoye a cikinsa. A nan sai a yi hattara: in aka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, za a matse shi, abin da ke ciki ya lalace. A tura shi a matsayin fayil.

Akwai ƴan na'urorin hannu, irin su Meowbit da PyGamer, da ake zuba musu wasan a riƙe a buga. Suna da ban sha'awa, amma daga waje ake odarsu, ga kuɗinsu ga na aikowa. Ba sharaɗi ba ne, kada ma a fara da su.

Pocket Code

Gidaje da yawa babu kwamfuta babu tablet, amma akwai Android. Don su aka yi wannan. Ya fito daga shirin Catrobat na jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, wanda Wolfgang Slany ya assasa a 2010. Komai a kan wayar ake yi: zane, ɗaukar murya, jera tubala, gwaji. In an sauke shi, ba ya neman intanet sai in za a ɗora wasa ko a sauko da na wasu.

Abin da ya fi sauran da shi, yana jin jikin wayar. Kwando ba ya buƙatar kibiya, karkata wayar kawai za ka yi ya zame ta wajen. Yana da kwafi, da ma'ajiyar lamba, har da tubalan nauyi da dunguri, yadda mangwaro zai faɗo yana ƙara gudu kamar na gaske.

Wahalarsa ƙuncin fuska. Tubalan a jere suke daga sama zuwa ƙasa, ba ka ganin na kwando da na mangwaro a lokaci guda, sai ka fita nan ka shiga can. Lissafi kuma a wani shafi ake rubuta shi mai kama da kalkuleta. Ɗan shekara tara zai gaji, ɗan sha huɗu da ya saba da waya zai jure. Darussansa da Faransanci ba su kai na Scratch yawa ba ko kusa, don haka mai koyo yakan dogara da gwaji da kuskure.

Haɗarinsa ba daga manhajar yake ba, daga wayar yake. Wayar Baba ce, akwai asusun kuɗi a ciki, akwai saƙonni, ga TikTok taku ɗaya. Ana kira a karɓe ta, wuri ya cika a goge manhaja, a sayar da ita a sayi wata. A kashe data in za a ba yaro, a kuma riƙa fitar da wasannin da ya gama ana ajiyewa wani wuri.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Scratch | MakeCode Arcade | Pocket Code |
|---|---|---|---|
| Na'ura | Kwamfuta ko tablet | Kwamfuta ta fi, tablet na yi | Waya |
| Kuɗin manhaja | Kyauta | Kyauta | Kyauta |
| Intanet | Saukewa kawai | Farko, da darussa, da rabawa | Saukewa kawai |
| Darussa da Faransanci | Birjik | Kaɗan | Kaɗan |
| Saurin gama wasan farko | Matsakaici | Da sauri | A hankali |
| Maki da rai | Kai ke ginawa | A shirye | Kai ke ginawa |
| Yadda aiki ke ɓacewa | Ɗaukewar wuta kafin adanawa | Share burauza | Goge manhaja ko sauya waya |
| Mataki na gaba | Sai an koma wata manhaja | JavaScript da Python | Sai an koma wata manhaja |

Wasu uku da za a ji sunansu

ScratchJr na 2014 na ƴan shekara 5 zuwa 7 ne, tubalansa hotuna ne ba rubutu. Ba shi da ma'ajiyar lamba, don haka ba a ƙirga maki, wasanmu ba zai yiwu yadda muka tsara ba. OctoStudio kuwa mutanen da suka yi Scratch ne suka fitar da shi a 2023, don waya, ba asusu ba intanet. Tubalansa ba su kai na Pocket Code yawa ba, amma ya fi shi sauƙin shiga nesa ba kusa ba. App Inventor yana fitar da manhajar Android ta gaske da za a tura wa mutane su saka, sai dai yana son kwamfuta da intanet mai ɗorewa, kuma ba wurin fara wasa ba ne.

Wa ya dace da wanne

Malamin firamare ko na CEG mai ƴan kwamfutoci, ba intanet a ɗakin, ya ɗauki Scratch kai tsaye. Zai samu darussa da harshen da yake koyarwa, kuma kile ɗaya ta ishi lakwal duka. Haka uban da ke da kwamfutar hannu a gida da yaro ɗan 8 zuwa 12: Scratch, kuma a bar shi ya sha wahalar gina makinsa da kansa.

Mai shirya horon kwana biyu ko uku lokacin bakans, a Tawa ko a Yamai, a wurin da ke da wifi, MakeCode Arcade ya fi masa. Lokaci gajere ne, ana so kowa ya tafi gida da wasan da ya ƙare. Shi ne kuma zaɓin matashin da ya wuce sha huɗu, wanda kyanwar da ke tambarin Scratch za ta yi masa kama da kayan yara, da wanda ke hangen Python. Wanda ya riga ya gina wasa biyu ko uku a Scratch ma, nan ya kamata ya nufa.

Gidan da waya kaɗai ke akwai, in yaron ƙarami ne a fara da OctoStudio, in ya yi wayo ko ya fara ƙorafin tubalan sun yi masa kaɗan a koma Pocket Code. Ƙanwarsu ƴar shekara shida da ke leƙe ta bayan kafaɗa kuwa, a sauke mata ScratchJr in akwai tablet.